Kwalbar Sallau

Sallau mai turare na Kasuwar Barci
ya ɗiga mini a bayan hannu, ya ce,
"Kada ki shinshina yanzu. Je ki dawo."
Na zaga layin masu atamfa, na taya ban saya ba,
na dawo na ƙirga masa dubu huɗu da ɗari biyar.
Kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba,
ruwan ciki kore-kore, kamar an wanke ganye a kofi.

Ga abin da na samu, ga mai son sani.

Fesawar farko tana da kaifi:
ɓawon lemon tsami da aka murza da farce,
ciyawar da aka yanka tun raɓa ba ta bushe ba,
da wani ɗan ɗaci, irin na karan tumatir in ya karye.
Ba ya daɗewa a haka.
Kafin mota ta kai ni gada daga Unguwar Sanusi
ɗacin ya kwanta, fure ya ɗago kai,
fari, siriri, mai kunya,
irin na bishiyar lemo in ruwan farko ya sauka.

Gwaggo Barmani ta kama gefen mayafina ta ja hanci:
"Wannan turare ne ko sabulu?
Mu a zamaninmu humra ke riga mace sallama,
in ta tashi ta bar ƙanshin zaune kan tabarma
har kwana uku."
Gaskiyarta.
Wannan ba ya sallama daga ƙofa,
sai ka matso yake gaishe ka,
shi ma ƙasa-ƙasa, kamar mai dubiya.

A kantin maganin da nake aiki a Kakuri
ba wanda ya yi atishawa.
Wata mai goyo ta zo sayen maganin zazzaɓi,
ta tsaya tana waige-waige,
ta ce, "Wani abu yana ƙanshin sanyi a nan."

Aibinsa, ba shi da juriya.
Na yi alwalar azahar, rabinsa ya bi ruwa.
Da la'asar sai na cusa hanci a bakin hannun riga
kafin na same shi, ya koma labari.
Zafin bazarar Kaduna ya fi ƙarfinsa,
ga shi kuɗinsa ya isa cefanen kwana biyu.

Amma ban gaya wa Sallau
abin da ya hana ni neman ragi ba.

Shekarar da aka rufe masaƙa
Baba ya rataye rigar aikinsa a ƙusa,
ya ari fili a bakin kogi wajen Kabala,
ya shuka latas da tumatir
da na'a-na'a kunya biyu.
Yakan dawo da magariba, ƙafa duk laka,
ya ɗora tafinsa a kaina tun bai wanke ba.
Wannan ɗacin ne. Shi ne sak.
Shekara goma sha ɗaya ina sunkuyawa
gaban tiren masu kayan miya ina nemansa,
ashe yana kan kanta, tsakanin miski da sandal,
wani da bai taɓa ganin Kabala ba ya ɗura shi.

Don haka in biki za ki, nemi wani,
wannan zai ɓace tun kafin a raba abinci.
In so kike a juyo a kalle ki, nemi wani.
Amma in Litinin ce, ga cunkoso, ga ciwon kai,
kina son abin da ke kaɗai za ki sani,
to, fesa a wuyan hannu, ki rufe da riga.

Nawa yana bayan madubi, inda rana ba ta kai.
Fesa ɗaya kowace safiya.
Sallau ya ce a haka zai kai ni damina.
Ban yarda ba,
na riga na ga ruwan ya sauka daga wuyan kwalba.